Filin Tambaya da Amsa: Wai mala'ika ne aka ɗauka a jikin rana?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato hotunan ranar nan da ake ta turawa a WhatsApp da Facebook da TikTok, wani ya ga mala'ika, wani ya ga sunan Allah, wata ta ga gicciye, wani kuma tsoro ne kawai ya kama shi. Na ɗan taƙaita tambayoyin saboda fili.

TAMBAYA: Malam don Allah ina da tambaya. A guruf ɗinmu na 'yan uwa aka turo wani hoto, rana ce ja wur kamar garwashi, a gefenta wani farin abu ya fito da fukafukai biyu a buɗe, an rubuta wai NASA ce ta ɗauka kuma sun rasa bayanin da za su yi, wai mala'ika ne. Wallahi da na gani sai da tsigar jikina ta tashi har na yi hawaye. Ƙanena da ke jami'a ya ce shirme ne, ni kuma na ce masa gani ya kori ji, har muka yi sa-in-sa. Waye mai gaskiya a cikinmu? Daga wata 'yar uwa a Zariya.

AMSA: 'Yar uwa, da farko dai hawayen nan da kika yi ba abin kunya ba ne, kuma ƙanen naki bai kyauta ba da ya ce shirme, zuciyar da ke motsi idan an tuna mata girman Allah ai alheri ce. Amma a kan shi hoton, gaskiya ya fi ki kusa da daidai, bari in bi miki abin daki-daki.

Waɗannan hotunan ba irin wanda wayarki ke ɗauka ba ne. Yawancinsu daga taurarin ɗan Adam guda biyu suke fitowa. Ɗaya sunansa SOHO, na haɗin gwiwar hukumar sararin samaniya ta Turai da NASA ta Amurka, an harba shi a Disambar 1995, yana can wajen kilomita miliyan 1.5 daga nan ta ɓangaren rana. Ɗayan kuma SDO, an harba shi a Fabrairun 2010, shi wannan duk bayan daƙiƙa 12 sai ya sake ɗaukar rana. To shi SDO mafi yawan abin da yake ɗauka ba hasken da ido ke gani ba ne, wani haske ne da ya fi ƙarfin idon ɗan Adam, wanda ko isowa ƙasa ba ya yi don iskar da ta lulluɓe duniya tana tare shi tun daga sama. Hoton yana saukowa ne ba launi ko ɗaya, sai masana su sa masa launi da kansu don su riƙa gane wanne ne wanne, wannan ja, wannan ruwan zinare, wancan kore. Jan nan da kika ce kamar garwashi shi suka ware wa iskar da zafinta ya kai wajen digiri 50,000, ruwan zinaren kuma na wajen digiri 600,000. Ba ɓoyewa suke ba fa, a rubuce yake a shafinsu. Ita rana in an kalle ta daga sararin samaniya fara ce tas.

Sai shi farin abin da ya fito a gefen rana, wato tartsatsin rana. Rana ba dunƙulen dutse ba ce, iska ce mai tsananin zafi da ke ɗauke da lantarki, shi ya sa ba ta juyawa gaba ɗaya lokaci guda, tsakiyarta kan zagayo cikin kwana 25 amma can ƙuryarta ta arewa da ta kudu sai wajen kwana 35. Wannan bambancin yana murɗe layukan maganaɗisun da ke jikinta kamar yadda ake murɗa igiya, a yi ta murɗawa a yi ta murɗawa har wata rana ta tsinke, to a daidai tsinkewar nan ne haske mai ƙarfi ke tashi cikin 'yan mintuna, wani lokacin kuma har ta watso gajimaren iska mai nauyin tan biliyoyi zuwa sarari. Ita iskar ba ta tafiya kara zube, layin maganaɗisun take bi, shi kuma layin lanƙwashe yake da ƙafa biyu a jikin rana, ɗaya nan ɗaya can. Idan ya buɗe sai ki ga baka a dama baka a hagu da haske a tsakiya. Fukafukan kenan.

Akwai kuma na kyamara. SOHO yana da wata kyamara da aka sa wa baƙin faifai ya rufe fuskar rana don a ga abin da ke kewaye da ita, to idan Zara ko wata duniyar mai haske ta gifta ta wurin, haskenta yana yi wa kyamarar yawa sai ya malala dama da hagu ya ja layi, ɗigo a tsakiya layi a kowane gefe, wannan ya daɗe yana yawo a intanet, wasu su ce mala'ika, Turawa da yawa kuma su ce jirgin baƙin halittu ne. Sannan yanzu ga manhajojin ƙirƙirar hoto, yaro da waya cikin minti ɗaya zai haɗa miki abin da ya ga dama ya manna tambarin NASA. Hoto na gaskiya za ki ga kwanan wata da lokaci da sunan na'urar a ƙasansa, kuma rumbun hotunan a buɗe yake kyauta, akwai shafin Helioviewer da kowa zai iya shiga ya sa ranar ya duba. Ki ce wa ƙanen naki ya duba miki hoton da aka ɗauka kafin wannan da wanda ke bayansa, in na gaskiya ne za ki ga siffar ta haɗu ta wargaje a gabanki.

To me ya sa muke ganin siffa? Haka Allah ya gina ƙwaƙwalwarmu, tana neman fuska da siffar mutum tun kafin mu yi tunani, jariri ma fuskar uwarsa yake fara bi da ido. Ɗigo biyu da layi a ƙasa sun ishe ta. Ranar 26 ga Oktoban 2022 SDO ya ɗauki rana tana "murmushi", ido biyu da baki, NASA da kanta ta wallafa, alhali wurare uku ne da iskar saman rana ta yi ƙaranci suka fito baƙi a hoton. A Oktoban 2014 an ɗauki wani, Amurkawa suka ce sak kabewar da suke fafewa a bikinsu na Halowin, ke da aka nuna miki ba za ki ga kabewa ba don ba al'adarki ba ce. A 1976 jirgin Viking 1 ya turo hoton "fuskar mutum" a duniyar Mas, aka shekara fiye da 20 ana rubuce-rubuce a kai, da aka sake ɗaukar wurin da kyamara mai kyau a 1998 da 2001 sai ga shi tsauni ne da inuwa. Kuma ba Turawa kaɗai ba, lokacin da Faransa ta kori Sarki Muhammad na 5 daga Maroko a 1953 jama'arsa sun yi ta cewa suna ganin fuskarsa a jikin wata, haka mutanen Iran suka ce sun ga Khumaini a wata a 1978. Ba ƙarya suke da gangan ba, abin da ya cika zuciya shi ido ke fara tsinta.

Wannan ne ma ya fi damuna a hoton naki. Mala'iku gaibu ne, an halicce su daga haske, Suratu Faɗir ta ce masu fukafukai ne bibbiyu da uku-uku da hurhuɗu, kuma Annabi (SAW) ya ga Jibrilu a siffarsa da fukafukai 600. A cikinmu wa ya taɓa ganin mala'ika da har zai ga hoto ya ce ai shi ne? Siffar nan ta mutum mai farar riga da fukafukan tsuntsu biyu daga zane-zanen Turai da finafinai ta shigo kanmu. Imaninki da mala'iku yana nan daram tun kafin a ƙera kyamara, ba ya jiran NASA ta tabbatar. Ku shirya da ƙanenki don Allah.

TAMBAYA: Salam Malam. An turo min bidiyon wuta tana tashi daga rana ta rubuta sunan Allah ɓaro-ɓaro, a ƙasa an ce duk wanda bai tura wa mutum 10 ba shaiɗan ne ya hana shi. Ban tura ba amma raina bai kwanta ba. Na yi laifi? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Ƙanena kwantar da hankalinka, ba ka yi laifin komai ba. Wannan barazanar ta "in ba ka tura ba" ba ta da asali a addini, dabara ce kawai ta masu neman mabiya, kuma sa wa mutane tsoro da sunan Allah a kan abin da bai wajabta ba shi ne abin jin tsoron. Hadisi ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, Suratul Hujurati kuma ta ce a bincika labari kafin a ɗauka. Dakatawar da ka yi ita ce daidai.

Ka ɗauki alƙalami ka rubuta sunan da Larabci ka duba, alif ne da lam biyu da ha, wato tsayayyun layuka uku da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Ita kuma rana kullum cike take da layuka masu tashi da masu lanƙwasa, ga SDO yana ɗaukar dubun-dubatar hotuna kowace rana shekara fiye da 10, ai dole a cikin wannan tarin a samu wanda ya yi kama, musamman in mutum ya juya hoton ya yanke gefe ya tsayar da bidiyon a daidai daƙiƙar da yake so. Mun saba da irin wannan a ƙasa ma, a jikin tumatir, a gajimare, a ɓawon itace, a 2008 har kafofin labarai na waje suka ɗauki labarin tsokar naman da aka ce an ga sunan Allah a jiki a Birnin Kebbi, jama'a suka yi ta tururuwa.

Ni ba na cewa Allah ba shi da ikon rubuta sunansa a inda ya so, wa'iyazubillah, yana da iko a kan komai. Abin da nake tsoro shi ne yaron da aka gina wa imani a kan irin wannan bidiyon, ranar da wani ya nuna masa cewa haɗi ne, ba bidiyon kaɗai zai yi wa shakka ba, zai fara tambayar sauran abin da aka gaya masa. Wannan yana faruwa da samarinmu a jami'o'i kuma ba ƙaramar asara ba ce, kuma mu muka jawo da hannunmu wajen tura abin da ba mu tantance ba.

Alhali Alƙur'ani ya riga ya gama magana, a Suratu Fussilat aya ta 37 ya ce dare da yini da rana da wata suna cikin ayoyinsa. Ranar ce ayar, ita kanta, ba sai an yi rubutu a jikinta ba. Ka zauna ka yi tunanin wannan: faɗinta ya ninka na duniya sau 109, cikinta zai ɗauki duniya irin tamu miliyan 1.3, tana nesa da mu kilomita miliyan 150 amma haskenta minti 8 da daƙiƙa 20 ya iso, duk daƙiƙa ɗaya tana cinye wajen tan miliyan 600 na iskar haidurojin kuma tana haka shekaru biliyoyi, sannan da wannan wutar ne geronku ke nuna a gona ba tare da ta ƙone shi ba. Wallahi ni wannan ya fi girgiza ni a kan kowane bidiyo. Suratur Rahman ta ce rana da wata da lissafi suke tafiya, masu binciken nan lissafin suke ta bi suna ganowa kaɗan-kaɗan.

TAMBAYA: Malam, ni dattijo ne. Jikana ya nuna min hotunan sama ta yi ja da kore a ƙasashen Turawa a 2024, ya ce wai rana ce ta yi aman wuta. Ni tun tasowata ban taɓa jin haka ba. Anya wannan ba ya cikin alamomin tashin ƙiyama? Ga fitintinu sun yi yawa, ga manya suna ta tafiya. Daga wani dattijo a zangon Kumasi, Gana.

AMSA: Baba barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Jikan naku ya faɗi gaskiya, a ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024 an yi guguwar rana mafi ƙarfi tun 2003, wani gungun baƙaƙen tabo a jikin rana ya yi ta watso gajimare ɗaya bayan ɗaya, da suka iso suka bugi garkuwar maganaɗisun duniya sai iskar can sama ta kama haske, kore da ja, har aka gani a wuraren da ba a saba gani ba kamar Meziko da kudancin Turai. Manoma a Amurka ma sun tsayar da shuka don na'urar da ke nuna wa taraktocinsu hanya ta rikice.

Amma Baba abin ba sabo ba ne, wayar da ke kawo mana hoton ce sabuwa. Rana tana da zagaye na wajen shekara 11, ta yi lumana, ta tashi, ta sake lafawa, wani Bajamushe Heinrich Schwabe ne ya gano haka a 1843 bayan ya shafe shekaru yana ƙirga tabon rana. Zagayen da muke ciki ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktoban 2024 masana suka sanar cewa ya kai ƙololuwa, shi ya sa labarin ya yi yawa a wannan tsakanin. Wanda ya fi na 2024 ƙarfi nesa ba kusa ba an yi shi tun 1 ga Satumban 1859, wani Bature a Ingila mai suna Richard Carrington yana zana tabon rana sai ya ga farin haske ya tashi na 'yan mintuna, kafin awa 18 guguwar ta iso, wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi suna jan ma'aikata, aka ga hasken sama har Kuba. A Maris na 1989 wata ta kashe wutar lardin Kebek na Kanada, mutum miliyan 6 suka zauna a duhu wajen awa 9. Mutanen Sin kuwa tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suke rubuta ganin baƙin tabo a rana. Lokacin kakanninmu ma ana yi, labarin ne ba ya isowa.

Game da haɗa shi da rasuwar manya, kun fi ni sanin hadisin nan. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi husufin rana a Madina, mutane suka ce don rasuwarsa ne. Ga uba yana cikin jimamin ɗansa, ga magana da za ta ƙara masa girma a idon jama'a in ya yi shiru, amma bai yi shiru ba, ya ce rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, idan kun gani ku yi salla ku yi addu'a. A ganina duk amsar tambayoyin yau tana cikin wannan. Bai hana jin tsoron Allah ba, ya ma yi umarni da salla, abin da ya hana shi ne mu ɗora wa abin fassarar da muka ƙirƙira da kanmu, mu ce don wane ne ko don abu kaza ne.

Kuma sanin dalilin abu ba ya rage masa girma. Za ku tuna husufin 29 ga Maris 2006 da ya ratsa Gana da Togo da Benin da Najeriya da Nijar, masana sun faɗi ranar da mintin tun shekaru kafin nan, amma da gari ya yi duhu da safe ai ba wanda jikinsa bai yi sanyi ba, aka cika masallatai. Ilimin lokacin tashin ƙiyama yana wurin Allah shi kaɗai kamar yadda Suratul A'arafi ta faɗa, manyan alamomin da aka ambata kuma irin fitowar rana daga yamma ba abu ne da sai jika ya nuna wa kakansa a waya ba. Ku ci gaba da istigfari Baba, ku sa mu a addu'a.

TAMBAYA: Ina gaisuwa. Ni Kirista ce kuma ina karanta wannan filin. Na ga hoton tartsatsin rana da gicciye mai haske a tsakiyarsa sarai. Sannan gwaggona takan tsaya ta zuba wa rana ido bayan addu'a, ta ce tana ganin ta tana juyawa da launuka kamar yadda aka gani a Fatima. Me za ka ce? Daga wata 'yar uwa a Jos.

AMSA: Sannu 'yar uwa, mun gode da kike tare da mu. Gicciyen nan na sha ganinsa a hotunan manyan tartsatsi, kuma daga cikin kyamarar yake. A bakin madubin SDO akwai wani siririn mataci da aka shimfiɗa a kan ragar ƙarfe mai ƙananan ramuka, idan haske mai tsananin ƙarfi ya ratsa ragar sai ya watsu ta fuskoki huɗu, shi ya sa kusan duk babban tartsatsi za ki gan shi da wannan alamar, kuma kullum a kusurwa iri ɗaya ko a ina ya tashi a jikin rana. Abin da na gaya wa 'yan uwana Musulmi a sama shi zan gaya miki, bangaskiyarki ba ta rataye a kan ragar kyamara ba.

Labarin Fatima kuwa, ranar 13 ga Oktoban 1917 ne dubun-dubatar mutane suka taru a wannan garin na Fotugal, da yawa suka ce sun ga rana tana rawa tana canza launi, Cocin Katolika kuma ta amince da wahayin Fatima a 1930. Wannan sha'anin bangaskiya ne, na bar shi gare ku da shugabanninku. Amma maganar gwaggo ta gaggawa ce, don Allah ki hana ta tun yau. Duk wanda ya ƙura wa rana ido na 'yan daƙiƙu zai ga tana motsi da launuka, wannan alamar ido ya fara gajiya ne, kuma fatar nan ta can bayan ido da ke karɓar haske ba ta jin zafi, tana ƙonewa mutum bai sani ba, sai bayan awowi ya ga baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla, wani ya warke a hankali wani kuma shikenan har abada. Baƙin gilashi ba ya karewa, fim ɗin hoton ƙashi na asibiti ba ya karewa, kwalbar da aka turara da hayaƙi ba ta karewa, kallon rana a cikin ruwan kwano ma haka. In har ta fara ganin ɗigo ko layi yana lanƙwashe mata, ku kai ta wurin likitan ido kar a jira. Kuma tartsatsin nan ko an kalla ba a ganinsa da ido sai da na'ura, asarar ido ce kawai. Masu ɗaga waya su ɗauki rana su ga ɗan koren ɗigo ko "rana ta biyu" a gefe, wannan haske ne ke kai-komo tsakanin gilasan kyamara, a karkata wayar kaɗan za a ga ɗigon ya bi ta.

TAMBAYA: Malam wai wannan aman wutar ne ya jawo zafin da muke sha? Kuma wani lokaci da rana tsaka rediyona na gajeren zango sai ya yi ɗif, tashoshi duk su ɓace. Akwai alaƙa? Daga wani mai sauraro a Sakkwato.

AMSA: Ɗan'uwa zafin dai ba shi ba ne. Tsakanin lokacin da rana ta lafa da lokacin da ta tashi, ƙarfin hasken da take aiko mana bambancinsa wajen kashi 0.1 cikin 100 ne kacal, shi kuma hasken tartsatsin can sama iska ke shanye shi. Zafin bazara namu na rana a tsakar ka ne da busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, ga sare itatuwa, ga ɗumamar yanayi da ke ƙara masa ƙarfi, ka tuna Afrilun 2024 da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Ɗauke wutar da muke fama da ita ma kar a ɗora wa rana, guguwar ta fi taɓa layukan wuta na ƙasashen da ke can kusa da ƙuryar arewa da kudu, kuma solar da ke kan rufinka ba abin da zai same ta.

Rediyon kuwa ka canka, akwai alaƙa sosai. Shirye-shiryen gajeren zango daga nesa suke tasowa, su haura sama su bugi wani rufin iska mai lantarki su dawo ƙasa, ta haka muryar da aka watsa daga wata nahiya ke shigowa ɗakinka. Idan babban tartsatsi ya tashi, cikin minti 8 haskensa ya iso ya ƙara wa ƙasan wannan rufin kauri, maimakon ya bar sautin ya wuce ya dawo sai ya shanye shi, kuma ɓangaren duniyar da ke cikin yini kawai yake shafa, shi ya sa da rana tsaka kake ji ba da dare ba. Masana sun kasa tartsatsin aji-aji, A da B da C da M da X, kowanne ya ninka wanda ya gabace shi a jerin sau 10, masu kashe rediyo su ne M da X. Matuƙa jiragen sama da na ruwa ma suna fuskantar haka. Ba kowane ɗif ba ne daga rana fa, ka fara duba batir da eriya, amma in tashoshi duk suka ɓace lokaci ɗaya alhali FM na aiki lafiya, to kar ka kai wa mai gyara, ka ba shi 'yan mintuna zuwa awa ɗaya ko biyu zai dawo da kansa, ko ka gwada mita 16 ko 13 don su suka fi saurin farfaɗowa a kan mita 41 da 49.